Kada ki zubar da dakashi

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce surukarki na so idan kin sauka a matse dakashi a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwan ɗumi da zuma har nono ya yi fari, kina tambaya ko ki bi. Kada ki bi. Iyayenmu sun ga dakashi rawaya ne mai kauri, suka zaci gurɓatacce ne, tsoron cutar da yaro ne ya sa su. Sai dai yanzu an san abin da ke cikinsa.

A 2007 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara gagarumin aikin gano ƙananan halittun da ke zaune a jikin ɗan Adam. Wani ƙiyasi na 2016 ya ce baligi na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, galibi a babban hanji. Mafi yawansu ba cuta ba ne. Suna narkar da abin da cikinmu ya kasa, suna tare wa masu cuta wuri, suna horar da garkuwar jiki.

Jariri kuwa yana zuwa da hanjinsa kusan fayau. Wajen haihuwa da jikin uwa da nononta yake samun bakteriyarsa ta farko. A cikin nono akwai sukari iri fiye da 100 da shi kansa ba ya iya narkarwa, abincin wata bakteriya ce mai suna Bifidobacterium. Idan ta ƙoshi sai ta sa hanji ya yi tsami, masu kawo gudawa su kasa zama. Dakashi ya fi sauran nono yawan wannan sukari, ga sinadaran kariya. Shi ake cewa ki zubar!

Zuma ta fi tayar mini da hankali. Takan ɗauko ƙwayar wata cuta mai shanye jiki. Hanjin babba ya cika da bakteriya masu amfani, ba ta samun wuri, amma a na jariri sai ta tsiro ta saki dafi: bayan gida ya tsaya, tsotso ya yi rauni, kuka ya dushe, wuya ya saki. Babu zuma sai ya cika wata 12.

Ruwa ma haka. Ranar farko cikinsa bai wuce cokalin shayi ba, mililita 5 zuwa 7. Ruwa ya cika shi, ya rage tsotso, nononki ya ja baya.

Ki sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, fatarsa a kan fatarki, sau 8 zuwa 12 dare da rana, nono zalla har wata 6, ko da bazara ce. Shafa dabino sunna ce, a laƙaci kaɗan mai laushi da hannu wankakke a goga masa a dasashi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis kuwa, kada a ba shi sai likita ya rubuta, domin har masu amfanin yake kashewa.

Surukarki kuma, ki roƙe ta ta raka ki awo, ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Allah Ya sauke ki lafiya.