Amsoshin tambayoyinku: wa ake nufi da African-American, kuma me za mu ce da Hausa?

Wata malama mai fassara labarai ta aiko da tambaya daga Kaduna: "Malam, kullum muna cin karo da African-American a labaran Amurka. Wasu abokan aikina suna rubuta baƙar fatar Amurka, wasu kuma Ba'amurke ɗan asalin Afirka. Wanne ne daidai, ko duk ɗaya ne?"

Malama, ba ɗaya ba ne, kuma su kansu masu sunan har yau ba su gama ja-in-ja a kansa ba. Abin da ke rikita mai fassara shi ne, in ya dubi ƙirar kalmar sai ya ga kamar wuri take nunawa, wato mutumin Afirka da ya zama ɗan Amurka. Amma a bakin yawancin Amurkawa sunan wata al'umma ce takamaimai, kamar yadda za ki ce Bahaushe ko Babarbare. Su ne zuriyar mutanen da aka kwasa daga Afirka aka bautar a can, tun daga mutum ashirin da 'yan kai da aka sauke a Bajiniya a 1619, har zuwa 1865 da aka soke bauta a tsarin mulkin ƙasar.

Sunan ya daɗe, sai dai ya yi ta ɓacewa yana dawowa. An samu wata huɗuba da aka buga a Filadelfiya a 1782, wadda marubucinta ya kira kansa da shi. A wancan zamani 'yantattun baƙar fata suna alfahari da kalmar African, suna laƙaba ta ga ƙungiyoyinsu da majami'unsu. Sai a 1816 wasu Turawa suka kafa ƙungiyar kwashe 'yantattu a mayar da su Afirka, yunƙurin da ya haifar da Laberiya. Nan fa mutane suka ga cewa wanda ya kira kansa ɗan Afirka kamar ya ba da sandar da za a kore shi da ita daga ƙasar haihuwarsa ne, sai da yawa suka koma Colored, ma'ana mai launi. Kalmar tana nan har gobe cikin sunan NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata da aka kafa a 1909. Bayanta Negro ta yi tashe, asalinta kuwa baƙi ne da Sifaniyanci da harshen Fotugal. A 1966 matasa irin su Stokely Carmichael suka ɗaga kalmar Black, suka mayar da abin gori abin tinƙaho. A watan Disamba na 1988 ne ɗan gwagwarmaya Jesse Jackson da wasu shugabannin baƙar fata suka yi taron manema labarai a Shikago, suka nemi a riƙa cewa African-American. Hujjarsu ita ce, ɗan asalin Italiya ko Ailan a Amurka ana danganta shi da ƙasar kakanninsa, don me su kaɗai za a kira su da launin fata?

Masu suka kuma suna cewa: kakan kakana a Jojiya aka haife shi, ban taɓa taka Afirka ba, ban san garin da aka kamo mu ba, Black ta ishe ni. Ƙuri'ar jin ra'ayi da cibiyar Gallup ta yi a 2021 ta nuna fiye da rabin baƙar fatar da aka tambaya ba su damu da wanne aka kira su ba. Hukuma ta raba gardama ta hanyar haɗa biyun, takardun ƙidaya suna cewa Black or African American.

To, ga yadda zan ba ki shawara. In labarin na launin fata ne, kamar wariya ko kisan George Floyd a 2020, ki ce Amurkawa baƙar fata, tilo Ba'amurke baƙar fata, mace Ba'amurkiya baƙar fata. In kuwa maganar tarihi da al'ada ce, Amurkawa 'yan asalin Afirka ta fi kusa, amma ki sani tana da ɓaraka. Ga kunnen Bahaushe, ɗan asalin wuri shi ne wanda aka haife shi ko aka haifi ubansa a can. Mai sauraro zai ɗauka baƙo ne da ya je jiya, alhali zuriyarsa ta riga yawancin Turawan ƙasar zuwa. In akwai fili, ki ce masu tsatson Afirka, don tsatso yana kai mutum nesa fiye da asali.

Wani ɗalibi daga Damagaram ya ce: "Yayana ya samu takardar zama ɗan ƙasa a Amurka. Shi ma ya zama African-American ke nan? Elon Musk fa, da aka haifa a Afirka ta Kudu?"

Ɗan'uwa, a takarda yayanka zai cika gurbi ɗaya da su. A ƙidayar 2020 an bar fili a ƙarƙashin gurbin don mutum ya rubuta asalinsa, an ba da misali da Najeriya, Jamaika, Haiti, Habasha da Somaliya. Amma a zance, kama da wane ba ta wane. Yawancin 'yan Afirka da suka je da ƙafarsu sun fi son a danganta su da ƙasarsu, mu ma da Hausa haka ya fi: Ba'amurke ɗan asalin Nijar. Ba su da kaɗan kuwa, cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta su miliyan 4.6 a 2019, in an haɗa da na tsibiran Karibiyan, wato kusan ɗaya cikin kowane baƙar fata goma a ƙasar. Yawan nan ne ya ƙara hura wutar gardamar. A 2004, lokacin takarar kujerar majalisar dattawa, Alan Keyes ya ce abokin hamayyarsa Barack Obama bai cancanci sunan African-American ba, don ubansa ɗan Kenya ne, uwarsa Baturiya, babu tabon bautar Amurka a zuriyar ubansa. Obama dai ya ci gaba da kiran kansa da shi, jama'a kuma suka karɓa. Da Hausa ruwa biyu ne, kuma kalmar ba zagi ba ce. Shi kuwa Musk, masu kiransa da sunan ko dai zolaya suke yi ko neman rigima. Ba'amurke haifaffen Afirka ta Kudu ya wadatar.

Tambaya ta uku daga wani malamin makaranta a Kumasi: "Me ya sa ba za mu taƙaita mu ce baƙin Amurka ba? Kuma ina ganin Hausa tana da kalmar da ta dace da su, wato cucanawa."

Malam, duka biyun a guje su. Ta farko tarko ce ta rubutun boko, wanda ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Baƙi na launi gajeren wasali gare shi a gaɓar farko, da sautin sama. Baƙi jam'in baƙo kuwa dogon wasali ne da sautin ƙasa. A baki ba sa haɗuwa, a takarda kuwa kamarsu ɗaya. Wanda ya karanta "baƙin Amurka sun yi zanga-zanga" zai iya fahimtar 'yan ci-rani ake nufi, ka ga an mayar da 'yan gida baƙi, abin da suka shekara ɗari biyu suna yaƙi da shi ke nan. Ga kuma nauyin da kalmar ke ɗauka in ta shiga gaban suna: baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya, baƙar magana. Shi ya sa Hausa ta jingina launin ga fata, ta bar mutumin. A lura kuma, ɗafin nan na -r fata yake bi, ba mai fatar ba. Don haka Obama baƙar fata ne, matarsa baƙar fata ce, jam'i kuma baƙar fata ko baƙaƙen fata, duk ana ji.

Bacucane kuwa, gaskiya ne ma'anarsa wanda aka haifa cikin bauta a gidan ubangijin iyayensa. Amma kalma ce ta gori, mai nuna matsayin da mutum ke ciki, ba sunan al'umma ba, kuma a ƙasar Hausa ma ba a jifan mutum da ita a zauna lafiya. Haka nan jikokin bayi tana da kaushi. Inda dole a bambanta, sai a ce zuriyar waɗanda aka bautar. Bambancin kuwa yakan zama dole. A watan Maris na 2022 kwamitin da jihar Kaliforniya ta kafa kan biyan diyyar bauta ya kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu, cewa zuriya za a duba, ba launin fata ba. Wanda ya fassara wannan labari da "za a biya baƙar fata diyya" ya sa yayan ɗalibinmu na Damagaram cikin rabon da ba nasa ba.

Malamar Kaduna ta ƙara da tambaya kan karan ɗorin da ke tsakiyar kalmar African-American, don tana ganinta wani lokaci da shi, wani lokaci babu. Kamfanin dillancin labarai na AP ya cire shi a 2019, bisa ƙorafin cewa yana nuna kamar rabin ɗan ƙasa ne mutum, sannan a 2020 ya fara rubuta Black da babban baƙi. Wannan bai shafi Hausa ba. Ƙa'idarmu ita ce Ba'amurke da Amurkawa da Afirka su ɗauki babban baƙi, baƙar fata kuma ta zauna da ƙarami, sai in ita ce ta buɗe jimla.