Haya tsakanin 'yan'uwa a Amurka: ina ruwan hukumar haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a New York, ina da gida na biyu da na saya da bashin banki. Ƙanena ya zo da iyalinsa, na sa shi a ciki yana ba ni dala 900 a wata, alhali irin gidan a unguwar dala 2,000 ake biya. Mai cika mini takardun haraji ya ce bana ba zan cire kuɗin gyara ba. Shin gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan riƙon zumunci. Mai cika maka takardu bai yi kuskure ba.

Sashe na 280A na dokar harajin Amurka ya raba kwanakin gida kashi biyu: na haya da na amfanin kai. Duk ranar da ɗan'uwanka ya kwana a gidan, doka tana ɗaukarta kamar kai ne ka kwana, sai in an cika sharaɗi biyu tare: yana biyan kuɗin haya daidai da na kasuwa, kuma nan ne ainihin mazauninsa. Ƙanenka ya cika na biyu, ya faɗi a na farko. In kwanakin amfanin kai suka haura 14 a shekara, ko kashi 10 cikin ɗari na kwanakin da aka yi haya a farashin kasuwa, duk wanda ya fi yawa, IRS, wato hukumar harajin Amurka, ta daina kallon gidan a matsayin na haya zalla. A naka, shekarar gaba ɗaya amfanin kai ce.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne kuɗin da ka karɓa bai tsira ba. Dala 900 sau 12, wato 10,800, dole ka bayyana su a matsayin kuɗin shiga. Amma gyaran famfo, fenti, inshora da ragin tsufan gini duk sun tafi. Abin da ya rage maka shi ne kuɗin ruwan bashin da harajin gida, su ma a fom ɗin Schedule A, kuma sai in ka zaɓi lissafa abubuwan cirewa ɗaya bayan ɗaya. A 2025 ragin bai-ɗaya, wanda ake ba wanda bai yi wannan lissafin ba, na ma'auratan da suka cika takarda tare dala 31,500 ne, saboda haka da yawa lissafinsu ba ya kai nan, kuɗin ruwan ba ya rage musu ko sisi.

Duba ɗaya ɓangaren. A ce ka sayi gidan dala 300,000, filin ya ci 80,000, ginin 220,000. Fili ba ya tsufa a wurin doka, gini ne ake rabawa kan shekara 27.5, wato dala 8,000 kowace shekara. In ƙanenka yana biyan 2,000, ka karɓi 24,000. A fom ɗin kuɗin haya, Schedule E, za ka cire, misali, kuɗin ruwa 9,000, harajin gida 5,000, inshora 1,500, gyara 2,000 da tsufan gini 8,000. Jimla 25,500. A takarda ka yi asarar 1,500, babu harajin da zai hau hayar. Wanda yake kula da hayarsa da kansa yana iya rage asara har ta dala 25,000 daga albashinsa, damar da take fara raguwa in kuɗin shigarsa ya wuce 100,000, ta ƙare a 150,000. Ka ga ke nan, da 900 ka karɓi kaɗan ka biya haraji a kai, da 2,000 ka karɓi da yawa ba ka biya ba.

Su wa doka take nufi da dangi a nan? Mata ko miji, iyaye da kakanni, 'ya'ya da jikoki, da 'yan'uwa na jini, har waɗanda kuka haɗa uba kaɗai ko uwa kaɗai. Kawu, gwaggo da ɗan wanka ba sa ciki. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka: haya ƙasa da kasuwa amfanin kai ce ko da baƙo ne a gidan.

In kana son gyara lamarin, fara da hujjar farashi. Nemo tallan gidaje uku ko huɗu masu yawan ɗakuna irin naka a unguwar, ka buga su da kwanan wata, ko dillalin gidaje ya rubuta maka kimantawa. Ku rubuta yarjejeniyar haya ku sa hannu. Kuɗin ya riƙa shiga asusun banki kowane wata, ba hannu da hannu ba, domin ranar bincike "ai ya ba ni" ba hujja ba ce. Ragi kaɗan ba laifi, tunda ɗan'uwa ya fi baƙo kula da gida, kuma kotun haraji ta taɓa amincewa da ragin kashi 20 cikin ɗari. Shawararmu ita ce kada ka wuce kashi 10. Sake duba farashin duk lokacin sabunta yarjejeniya, don hayar da ta dace shekara biyar baya ta iya zama rahusa yau.

Dabarar da muke hana mutane ita ce a karɓi 2,000 a banki, a mayar da 1,100 da sunan kyauta a watan. Mai bincike zai haɗa biyun ya ce hayar 900 ce. In kuwa ƙanenka ba shi da halin biya, kuma taimako ka yi niyya, barinsa ya zauna kyauta ya fi tsafta: babu kuɗin shiga da za ka bayyana, babu ragin haya da za ka nema. Sai dai ka kula da dokar kyauta. A 2025 abin da ya wuce dala 19,000 ga mutum ɗaya a shekara yana buƙatar fom na 709, ko da yake akasari ba a biyan komai.

Tambaya: Ina da takardar zama ta dindindin a Amurka. Yayata tana biyana haya a gidana na Kano. Wannan ma ya shafi IRS?

Amsa: Ya shafe ta, Hajiya. Ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin suna bayyana abin da suka samu ko'ina a duniya, kuma sharuɗɗan nan biyu suna aiki a Kano, sai dai farashin unguwarku ta can za a duba. Ki mayar da naira zuwa dala a lissafin. Tsufan ginin da ke wajen Amurka ana raba shi kan shekara 30, ko 40 in an fara ba da shi haya kafin 2018. Harajin da kika biya a Najeriya kan kuɗin hayar kina iya neman a rage miki shi ta fom na 1116, saboda haka ki adana rasit. In jimlar asusunki na bankunan waje ta haura dala 10,000 ko da na rana ɗaya ne a shekara, ki cika rahoton FBAR, wanda ake turawa ta intanet daban da takardar haraji.