Hukuncin girkin dare ba nama a gidan Musulmi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce a Unguwar Rogo, Jos, 'ya'yanmu biyar. Wata uku ke nan na daina sa nama a girkin dare, saboda tsada, kuma likita ya ce maigida ya rage jan nama. Sai in yi mana faten dankali, ko gwaten acha, ko wake da shinkafa da kabeji. Da surukata ta zo ta tarar da haka, sai ta ce ina haramta abin da Allah ya halatta, wai akwai hadisi cewa wanda ya kwana arba'in bai ci nama ba halinsa zai ɓaci. Babbar 'yata kuma ta fara cewa ita ta bar nama har abada, don yanka dabba zalunci ne. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), 'yar'uwa, ba ki da laifi. Barin cin abu daban, haramta shi daban, kuma ayar da Hajiya surukarki take nufi, ta 87 a Suratul Ma'ida, haramtawa ta hana. Wanda ya ce "wannan halal ne, amma yau ba zan ci ba" bai shiga cikinta ba.

Dubi gidan Annabi (SAW) kansa. Nana A'isha ta faɗa wa ɗan 'yar'uwarta Urwa cewa sukan ga jinjirin wata sau uku cikin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah ba, abincinsu dabino da ruwa, sai ɗan nonon da maƙwabta Ansar suke aikowa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Wata biyu ya zarce kwana arba'in, kuma ba a taɓa yin mai kyawun hali irin maigidan nan ba. Maganar kwana arba'in ɗin malaman hadisi ba su tabbatar da ita daga Annabi ba, don haka ba a gina hukunci a kanta.

Akwai wata ruwaya a Bukhari da nake jin daɗin karantawa. Sahlu ɗan Sa'ad ya ce sukan yi murna da zuwan Juma'a saboda wata tsohuwa da take ciro wani kayan lambu da ake kira silƙ, ta zuba a tukunya da ɗan barzajjen sha'ir, su biya bayan an sauko su ci, babu kitse babu maiƙo a ciki. In kika lura, wannan da gwatenku na Jos kusan ɗanjuma ne da ɗanjummai. Anas kuma ya ga Annabi yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa. Sayyidina Umar ma, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya gargaɗi mutane da nama, ya ce yana da jaraba irin ta giya.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, girkin gida ba na mutum ɗaya ba ne, kuma a nan nake so ki tsaya. Ciyarwa wajibin miji ce gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa, kuma malamanmu na Malikiyya sun lissafa nama a cikinta. Shehu Khalil a Mukhtasar, da ya ambaci ruwa da mai da itace da gishiri, sai ya ƙara da nama, ya ce lokaci bayan lokaci. Bai ce kullum ba, bai kuma share shi ba. Ma'ana, magidanci mai hali da ya hana iyalinsa nama gaba ɗaya don rowa, alhali shi yana tsayawa wurin mai tsire a hanyar dawowa gida ya goge baki kafin ya shigo, ya tauye haƙƙi. Wanda kuwa aljihunsa bai kai ba, Allah bai ɗora masa abin da ba ya iyawa ba. Haka ke ma, idan maigida ya ba da kuɗin cefane har da na nama, ba ki da ikon ki soke shi ke kaɗai. Ku yi shawara. In ya yarda, kamar yadda na fahimta daga tambayarki, magana ta ƙare.

Sharaɗi na biyu shi ne kada a cutu. Dokar da likita ya sa wa baban yara ba ta hau kan yara ba. Wake, gyaɗa, awara, daddawa da agushi suna gina jiki ƙwarai, musamman in an haɗa wake da hatsi, amma akwai sinadarin da likitoci suke kira B12, wanda jini da jijiyoyi suke buƙata, kuma daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, kayan lambun kasuwar Farin Gada duk yawansu ba sa ba da shi. Don haka ƙwai da nono kada su yanke a gidan, ko da ɗan busasshen kifi ne a miyar rana. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye su ne aka fi kula da su a nan. Shayin da kuke sha saboda sanyin garinku a ɗan jinkirta shi bayan cin wake, don yana rage abin da jiki yake zuƙa na ƙarin jini.

Maganar 'yarki ita ce ta fi damuna, don ita ce ta kusanci abin da Hajiya take tsoro. A ruwayar Muslim, cikin sahabban da suka so tsananta wa kansu akwai wanda ya ce ba zai ƙara cin nama ba, Annabi ya ƙi amincewa, ya ce wanda ya ƙyamaci sunnarsa ba ya tare da shi. Idan ranta ne ba ya so, a ƙyale ta, ai Annabi bai ci damo ba da aka kawo masa, Khalid ɗan Walid ya janyo ya ci a gabansa. Amma ƙudurce cewa yanka zalunci ne ya yi karo da Alƙur'ani, domin Allah ne ya halatta dabbobin ni'ima, ya shar'anta layya, ya ce a ci daga gare ta. Ki zaunar da ita cikin lalama, ba da tsawa ba. Wataƙila ta ga yadda ake jibge shanu a mota ne ko ake jan akuya da ƙafa ɗaya, kuma wannan tausayin nata gaskiya ne. Ki nuna mata cewa shari'a ta riga ta: an umarci mai yanka ya wasa wuƙa, ya hutar da dabbarsa, malamai kuma sun karhanta a yanka wata a gaban wata.

Hajiya kuma kada ki tsaya kafa mata hujja, ki bar wa ɗanta ya yi mata bayani. Ranar da ta zo, in da hali, a sayo ko rabin kilo ne a sa mata a miya, girmama baƙo da kyautata wa mahaifiyar miji sun haɗu a wuri ɗaya.

Wallahu a'alam.