Na sa wa bonet ɗina shok mai ɗagawa, yanzu yana rawa a kan gada

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina zaune a Agege, ina da Corolla 2008 da nake ɗan kabu-kabu da ita. Kwanaki da asuba ina duba ruwan lagireto sandar da ake tokare bonet ta zame, bonet ya faɗo min a kafaɗa, shi ne na je kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayo shok guda biyu irin wanda ke ɗaga bonet da kansa. Mai shagon ya ce in ɗauki tokumbo na but ɗin jif, an rubuta 800N a jikinsa, wai shi ya fi ƙarfi ba zai mutu da wuri ba. Wani mai walda ya haɗa min ƙarafan ya ɗaura. Yanzu sai na danna da hannu biyu kafin bonet ya rufu, gefen da ke kusa da gilashi ya ɗaga har yatsana yana shiga, kuma shekaranjiya a kan gadar Third Mainland na ga yana rawa. Wallahi hankalina bai kwanta ba don mutane nake ɗauka. Zai iya buɗewa ina cikin gudu? Ko in sa a ƙara ɗaure makullin ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare gaba. E, zai iya buɗewa, kuma rawar nan da ka gani gargaɗi ne motar take maka. Kar ka sa a ƙara ɗaure makulli, ba shi ne mai laifin ba. Yau ɗin nan kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya ka cire shok ɗin nan duka biyun. Ka buɗe bonet, ka tokare da sandarka ta asali, ka sa wani ya riƙe maka, sai ka sa bakin sukundireba mai faɗi a ƙarƙashin ɗan kilif ɗin ƙarfen da ke kan kowane kai na shok ɗin ka ɗaga shi kaɗan, ka ja, zai fita daga kan ɗan ƙwallon ƙarfen da ke riƙe da shi. Aikin minti biyar ne, ba sai ka biya kowa ba.

To yanzu bari mu zo kan maganar mai shagon nan, don ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya. Wallahi babu satin da zai wuce wani bai shigo gareji da wannan maganar a bakinsa ba, wai mai babbar lamba shi ya fi, wai mai ƙarfi shi ke daɗewa. Direba ya faɗa, yaron shago ya faɗa, har wasu makanikai da suka yi shekara ashirin da sifana a hannu suna faɗa. Lambar nan ta N ba lambar inganci ba ce, ba kamar batir ba ne da za ka ce mai yawan amfiya ya fi riƙe wuta. Awon turi ne kawai. Kowane 10N kusan kilo ɗaya ne, ka ga 800N kilo 80 ke nan, guda biyu kilo 160, buhun shinkafa uku da ɗoriya. Shi kuwa bonet ɗin ƙaramar mota irin taka nauyinsa bai wuce kilo 15 zuwa 20 ba. An yi shok ɗin da ka sayo ne don ya ɗaga ƙofar bayan jif mai gilashi da waifa da injin waifa a jikinta, sai ga shi an ɗaura wa falle ɗaya na ƙarfe.

Na san za a ce ai ko na kamfani ma lambarsa ta fi nauyin bonet. Gaskiya ne, saboda kusa da hinji ake kama shi, kuma duk wanda ya taɓa tura ƙofa daga wajen gindinta ya san sai ya ƙara ƙarfi. Ɗauki bonet mai kilo 18 da tsakiyar nauyinsa ke santimita 50 daga hinji, shok kuma yana turi a kan tazarar santimita 15, lissafi zai ba ka kilo 60, a raba biyu kowanne kilo 30, wato 300N. Shi ya sa yawancin waɗanda nake cirewa daga bonet ɗin motocin da suka zo da shi daga kamfani, irin su Benz da Lexus, lambarsu tana yawo ne tsakanin 250 da 400. Kai an sa maka ninki biyu da wani abu.

Amma abin da mutane suka kasa ganewa, kuma shi ne ainihin haɗarin, shi ne shok ɗin nan ba ya hutawa idan an rufe bonet. Mutane suna ɗauka aikinsa sai an buɗe. A'a. Iskar naitirojin ce aka matse a cikin tulun, da ɗan mai kaɗan, idan ka rufe bonet ka tura sandar ciki ka ƙara matse iskar ne, don haka a rufe ya fi turi. Lambar da aka rubuta a jiki an auna ta ne lokacin da sandar take kusan miƙe gaba ɗaya, idan ta shige ciki turin yakan ƙaru da kamar kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. Sannan a zafin digiri 20 ake aunawa, mu kuwa Legas muke, ga rana ga inji ga go-sulo daga Oshodi har Iyana Ipaja, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ƙara wa iskar nan ƙarfi da kamar kashi 3 da rabi. Idan cikin bonet ya kai digiri 70 ka haɗa lissafin, kowane ɗaya daga cikin naka ya haura kilo 100 yana turi. Kana tuƙi yana turi, ka faka ka shiga masallaci yana turi, kana barci da dare a Agege yana turi, kuma hinji biyu da makulli ɗaya ne ke shan wannan wahalar. Yatsan da ka ce yana shiga ta gefen gilashi, hinji ne ya fara miƙa wuya, ko kuma ƙarfen bonet ɗin ne ya lanƙwashe a inda aka yi waldar.

Bara wata Sienna aka jawo min ita gareji, ba zan manta ba. Bonet ya kife a kan gilashin gaba kamar an shimfiɗa tabarma, gilashin ya yi raga-raga, bakin rufin motar ya lotsa, hinji ɗaya ya yage daga jiki. Direban dattijo ne, yana zaune a kan benci an ba shi ruwa hannunsa na karkarwa ruwan na zuba a rigarsa, ya ce a hanyar Ibadan abin ya faru da iyalinsa a ciki, gabansa ya koma baƙi ƙirin sai ta tagar gefe ya leƙa ya samu ya gangara. Da na duba sai ga shok ɗin but guda biyu an liƙa da walda, sannan ƙugiyar tsaro ta biyu, wannan da kake zura hannu ka tura kafin bonet ya ɗaga, ta yi tsatsa ta maƙale a buɗe, sifirin ɗinta ya mutu tuntuni. Ka ga da babu shok ko makullin farko ya saki a rami, nauyin bonet zai iya riƙe shi ƙasa na ɗan lokaci har mutum ya lura. Amma da kilo ɗari biyu na turi a ƙarƙashinsa, yana samun kafa zai ɗaga baki, iska ta shiga ƙarƙashi, sauran kuma sai dai Allah ya kiyaye. Kai da kake hawa Third Mainland, gada mai kusan kilomita 12, ruwa hagu ruwa dama, motoci a guje a bayanka, ina za ka gangara?

Kuma maganar wai mai ƙarfi ya fi daɗewa ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ke kashe shok roba ce, wato sil ɗin da ke bakin tulun, idan ta tsufa ko sandar ta samu ƙarzuwa ko tsatsa sai iska ta riƙa sulalewa. Lamba ba ta hana wannan. Tokumbon da ya yi shekara goma a Turai, ya kwana a kwantena, ya zo ya zauna cikin tarin ƙarfe ana ruwan sama a kansa, ba wanda ya san nawa ya rage a cikinsa, sau da yawa ɗaya na da rai ɗaya ya kusa mutuwa, sai su riƙa murɗa bonet gefe guda. Mai shagon bai tambaye ka wace mota ba, bai auna tsayi ba, abin da ke hannunsa yake son ya rabu da shi. Ni ba na hana kowa zuwa Ladipo, ni ma can nake sayayya kuma akwai masu gaskiya da sanin aiki, amma duk wanda ya miƙo maka shok bai tambayi mota da shekararta ba ka ajiye masa kayansa.

Shi kuma mai waldar, ina fata dai ba da shok ɗin a jiki ya kunna wuta ba. Mai 800N da sanda mai kaurin milimita 10 yana ɗauke da matsin iska kusan bar 100, bar shi ne awon matsin iska, tayar motarka kuwa bar 2 da ɗan wani abu ce. Ba a kai masa wuta, ba a huda shi, ba a yanka shi. Kwanan nan ma har wasu nake ji suna cewa suna yi wa wanda ya mutu ƙarin iska, haba jama'a, injin mai faci ba ya wuce bar 8 zuwa 10, kuma irin na mota a rufe yake ruf babu bakin da za a sa iska. Wanda kuma zai ce zai ɗura iskar oksijin ta tukunyar walda, to akwai mai a ciki, oksijin da mai a ƙarƙashin matsi wuta ce da fashewa. Idan ka cire naka kar ka jefa a bola inda ake cinna wa shara wuta, idan kuma za ka ba yaranmu 'yan gwangwan ka gaya musu da bakinka kar su sa masa zarto ko guduma, don yaran nan ba su san abin da ke ciki ba.

Idan har yanzu kana son shok, kuma ban ga laifinka ba don wanda bonet ya taɓa faɗo wa ya san zafinsa, to akwai hanyar da ta dace. Ana sayar da saiti na musamman da aka yi wa kowace mota, Corolla da Hilux suna cikin waɗanda aka fi samu, yana zuwa da shok biyu iri ɗaya lamba ɗaya da ƙarafan kamawa da ke hawa kan notin hinji da notin fenda da ke jikin motar tun asali, babu huda babu walda. Idan ka samu na kamfanonin da aka sani irin Stabilus ko Suspa na Jamus ya fi, amma ka buɗe ido don ana buga sunan a jikin jabu. Kafin a kwance notin hinji a zagaye wurin da alƙalamin maka don bonet ya koma daidai mazauninsa, a riƙa kwance ɗaya ana ɗaurewa kafin a taɓa na gaba, wani na riƙe da bonet. Tulun ya kasance a sama, siririyar sandar tana kallon ƙasa, don man da ke ciki ya riƙa sauka kan sil. Tsayi ma a duba shi sosai, idan shok ya gama shigewa bonet bai gama rufuwa ba to ya zama sandar ƙarfe, kana dannawa kana lanƙwasa bonet, kuma ina zargin har da wannan a cikin matsalarka. Karon farko a sauke a hankali ana leƙawa kar ya taɓa kan batir ko tulun man birki ko fayif ɗin AC.

Wanda ya dace za ka gane shi a hannunka. Kai ne za ka fara ɗaga bonet, sai ya kai wajen rabi shok ya karɓa ya ƙarasa a hankali, ya tsaya ba ya sauka ko da safe da sanyi, kuma da hannu ɗaya za ka jawo shi ƙasa ka sake shi daga kamar taƙi ɗaya ya kulle da kansa. Wanda ke fizge bonet daga hannunka ya yi yawa. Sandar kuma kar a shafa mata giris, yashi take kamawa ya ci sil, tsumma mai tsafta ya isa, kar a kama ta da filaya, kar mai fenti ya fesa mata. Masu zama Lekki da Apapa da bakin ruwa su fi kowa kula da wannan saboda iskar gishiri.

Kai dai bayan ka cire, ka kai motar wajen mai gyaran jiki da ya san aikinsa ya duba hinji biyun, ya duba inda aka yi walda ko ƙarfen ya tsage, ya goge ya shafa fentin hana tsatsa kafin damina ta same shi. Idan hinji ya lanƙwashe a canja shi, kar a yarda da bugu da guduma. A wanke makulli a sa masa mai, sannan ka gwada da kanka: ja wayar bonet daga ciki, ka zo gaba ka ɗaga da ƙarfi ba tare da ka taɓa ƙugiyar ba, dole ta riƙe shi gam. Idan ba ta riƙe ba motar ba ta hawa titi sai an gyara. Sandarka ta asali kuma kar ka yar da ita ko ka sa sabon shok, yawanci ɗan robar da ke riƙe gindinta ne ke cinyewa ko kuma ba a zura bakinta cikin raminta sosai ba shi ya sa ta zame maka, robar nan kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, ka sa a canja maka ita tare da sauran aikin.