Amsa: inda layi ya ratsa da'ira

Ɗan'uwa ka ce an ba ku da'ira x² + y² = 25 da layi y = x + 1, an ce ku nemo inda sunka haɗu ba tare da zane ba. To abin da za ka yi kawai ka ɗauki abin da layin ya ce y take, ka zuba shi cikin ikwashon na da'irar, wato x² + (x + 1)² = 25. In ka buɗe baka zai ba ka 2x² + 2x − 24 = 0, ka raba da 2 ya koma x² + x − 12 = 0, wanda shi ne (x − 3)(x + 4) = 0, kenan x = 3 ko x = −4. Sai ka maida kowanne cikin y = x + 1, ka samu (3, 4) da (−4, −3), nan ne sunka haɗu.

Amma don Allah ka kula da wurin ga, in ka samu x to cikin ikwashon na layi za ka maida shi ba na da'ira ba. Yaran da nike yi wa lesin na WAEC nan Gusau kullum nan suke zubar da maki, abin na ci mini rai wallahi don aikin duk sun yi shi daidai, sai su sa x = 3 cikin da'ira ta ba su y = 4 da y = −4 su rubuta duka biyun, alhali (3, −4) tana kan da'ira amma layin bai bi ta nan ba sam, gwada ka gani 3 + 1 ba zai taɓa ba ka −4 ba.