Farautar 'Yan Kwaminisanci a Amurka: Kare Ƙasa ne ko Zalunci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Muna gardama a ajinmu kan farautar da gwamnatin Amurka ta yi wa waɗanda ta zarga da kwaminisanci bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shin tana da hurumi a doka, kuma an yi adalci? Daga wata ɗalibar tarihi, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Barazanar tana da tushe, domin saƙonnin sirri na Sobiyat da Amurka ta warware a wani shiri mai suna Venona, waɗanda aka fitar a 1995, sun tabbatar cewa Tarayyar Sobiyat ta dasa 'yan leƙen asiri a Amurka, ciki har da Julius Rosenberg, wanda aka zartar wa hukuncin kisa tare da matarsa a 1953.

Ta fuskar doka kuwa, Kotun Ƙolin Amurka kanta ta yi amai ta lashe. Dokar Smith ta 1940 ta haramta kiran a kifar da gwamnati da ƙarfi, kuma da ita aka yanke wa shugabannin Jam'iyyar Kwaminisanci ta Amurka su 11 hukuncin ɗauri a 1949. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1951, amma a 1957 ta dawo ta bambanta koyar da aƙida da tunzura mutane su aikata laifi, wanda hakan ya karya lagon irin waɗannan shari'o'i.

Inda nake ganin zaluncin ya fito fili shi ne kuɗin goron da aka yi wa jama'a. A ƙarƙashin binciken biyayya da Shugaba Truman ya kafa a 1947, akan zaunar da ƙaramin ma'aikaci gaban kwamiti, a tambaye shi jaridar da yake karantawa da mutanen da yake hulɗa da su, sannan a sallame shi bisa tsegumin wanda ba za a faɗa masa sunansa ba. Sanata Joseph McCarthy, da ya ɗaga takarda a 1950 yana iƙirarin tana ɗauke da sunayen 'yan kwaminisanci 205 a ma'aikatar harkokin waje, sai da Majalisar Dattawa ta tsawatar masa a 1954 da ƙuri'a 67 kan 22, bayan ya riga ya ɓata sunayen mutane da dama.

Ki duba W.E.B. Du Bois, masanin nan baƙar fata, wanda aka gurfanar a 1951 yana da shekara 83 saboda ƙungiyarsa ta tattara sa hannu don a haramta makaman nukiliya. Alƙali ya kori ƙarar, duk da haka aka hana shi fasfo har 1958. A 1961 ya shiga Jam'iyyar Kwaminisanci da kansa, ya kuma ƙaura Ghana, inda ya rasu a Akra a 1963.