Filin Tambaya da Amsa: Daga Ina Kakanninmu Suka Zo Kaduna?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan batun asali. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. A Unguwar Kanawa aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. An ce aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanmu. Wasu a gida suna cewa Bakano ne, wasu suna cewa Bahaɗeje ne. Ta ina zan fara bincike? *Mai karatu, Unguwar Kanawa*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Haɗeja tana cikin Lardin Kano a zamanin Turawa, ta ci gaba da zama a Jihar Kano har aka ƙirƙiri Jigawa a 1991. Bahaɗejen da ya sauka Kaduna a wancan lokaci, mutanen gari Bakano za su kira shi, ya amsa, sunan ya bi 'ya'yansa.

Aikinka yana da sauƙi ta wani ɓangare, domin Kaduna sabon gari ne. Sai a 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan. In ka cire Gbagyi da suke zaune a yankin tun da can, kusan kowane gida a birnin nan zai kai ga wanda ya fara zuwa cikin kaka uku ko huɗu: soja, leburan reluwe, malamin ofis, fatake, almajiri, ko ma'aikacin masaƙun Kakuri da suka fara aiki daga 1957.

Ka fara da tsofaffi, kuma ka fara da mata. Goggonka da ta haura saba'in ta fi baffanninka sanin wa ya auri wa, wace ce ta fita, wane yaro ne aka kawo riƙo. Ka je mata da ɗan goro ko turare, ita kaɗai, kada a tara mutane, don in an taru babba ne yake magana saura su yi ta gyaɗa kai. Ka nemi izini ka ɗauki muryarta a waya. Minti arba'in ya isa a zama ɗaya, ka koma bayan mako, saboda abin da ta manta yau yakan faɗo mata bayan ka tafi. Ka tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ko na surukinta ba. Za ta ce "Malam" ko "mai sunan Malam". Kada ka matsa mata, ka tambayi wani daga baya.

Kada ka ce mata "a wace shekara". Ka ce "wa ke sarautar Zazzau lokacin", ko "kin yi wayo da zuwan Sarauniya". Ga ma'aunan da suke aiki a nan: Sarkin Zazzau Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975. Sarauniyar Ingila ta zo hawan daba a Kaduna a 1956. An kashe Sardauna a Janairun 1966. An koma tuƙin hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973. Ga na baya can, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce, annobar mura ta duniya 1918. Wanda aka ce an yaye shi shekarar Sarauniya, ka rubuta haihuwarsa wajen 1954, ka sa "wajen" ɗin, kada ka share shi.

Kowane mutum ka ba shi shafinsa a littafi: sunan yanka, laƙabi, sunan uba, sunan uwa da garinsu, unguwar da ya zauna, sana'a, matansa, 'ya'yansa ɗaki ɗaki, inda aka binne shi, da wanda ya gaya maka. Wannan na ƙarshen shi mutane suke bari, sai bayan shekara biyu magana ta saɓa a rasa wa za a koma wa.

Wurare uku ne salsala take karkacewa. Ana mayar wa jika sunan kaka, sai Muhammadu biyu su haɗe su zama mutum ɗaya a bakin masu ba da labari. In lissafinka ya nuna mutum ya haihu yana da shekara casa'in, akwai wanda ya faɗi a tsakani. Sai riƙo: yaron da baffa ko mijin uwa ya rene yakan shiga makaranta da sunan mai riƙonsa. Sai kuma sunan gari. 'Yan makarantar da can da sunan gari ake bambanta su, shi ya sa muke da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Amma ɗan ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki yakan ɗauki sunan garin da aka sa shi elementare, ko da kwana kaɗan ubansa ya yi a can.

Ka tambaya ko kakan yana da zane a fuska, wane iri, layi nawa, sannan ka kai bayanin wurin tsohon wanzami. Ka tambaya kuma su wa yake wasa da su. Wanda yake tsokanar Zazzagawa da wasan taubasai ya yi kama da Bakano, mai wasa da Barebari akwai Fulani a jikinsa, mai wasa da Yarbawa a duba Gobir. Wannan alama ce kawai, sai an haɗa ta da wata shaidar.

Tambaya: An ce akwai gidan adana takardun tarihi a Kaduna. In na je na ba da sunan kakana za su fito mini da fayil ɗinsa? *Mai karatu, Kawo*

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa reshen Kaduna yana kan titin Yakubu Gowon, akwai kuma Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Takardun Turawa an jera su ne lardi lardi, gunduma gunduma. Za ka ga lambobi irin su SNP na sakatariyar lardunan Arewa, Zarprof na Zariya, Kanoprof na Kano, Sokprof na Sakkwato. Saboda haka sai ka san gari da gunduma kafin ka je. Ka san kuma lardin da garin yake a shekarar da kake nema: Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934, kafin nan ta zauna ƙarƙashin Kano, sannan Zariya.

Abin da ya fi amfani shi ne rahotannin ƙiyasin haraji da littattafan gunduma. A ciki ɗi'o, wato Baturen da ke kula da gunduma, yakan rubuta tarihin ƙauye, wa ya kafa shi, daga ina, jerin dagatai, da ƙabilun da suka zauna. Talaka ba ya fitowa da sunansa sai in ya shiga shari'a ko ya ci albashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Ka saki ido da rubutun Turawa: Sarkin yakan zama Serikin, Garba ya zama Garuba, Muhammadu ya zama Momadu ko Mamman. Ka tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa, ka sa rai za ka yi kwanaki.

A ganinmu akwatin gida ya fi gidan gwamnati albarka. Ka duba gafakar tsohon Alƙur'ani, malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a takardar farko ko ta ƙarshe. In shekarar Hijira ce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1350 za ta ba ka wajen 1931. In da haruffan ramzi aka rubuta, wato haruffan Larabci da ke tsayawa a madadin lambobi, ka kai wa malamin da ya san lissafin Magariba, wanda harafin shinun yake dubu a cikinsa, don lissafin Gabas zai ba ka wata shekara dabam. Takardar rabon gado ta kotun alƙali ta fi komai, domin tana jera magada duka da dangantakarsu da mamaci. Sai rasit ɗin haraji da na jangali, takardar fili, tsohon fasfon hajji. In tsohon soja ne da ya je yaƙi ƙasar Bama (Burma), littafin sallamarsa yana ɗauke da lambarsa da rundunarsa. Kada ka liƙe tsohuwar takarda da salatif, kada ka kai a narka mata leda. Ka ɗauki hotonta da rana a inuwa, ka sa ta a ambulan nesa da gara da damshi.

Abu ɗaya a shirya masa zuciya. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga wannan shekara, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma kotuna sun rubuta sunayen waɗanda suka fanshi kansu. Wani lokaci shirun da tsofaffi suke yi a kan wata kaka daga nan yake. In ka gamu da haka, ka yi shawara da manyan gida kafin ka watsa a zauren WhatsApp na dangi.

Tambaya: Kakana na wajen uba daga Damagaram ya zo wajen 1945, ya auri Bazazzagiya, aka haifi mahaifina a Tudun Wada a 1955. Wani ya ce mini mu 'yan Nijar ne, kada in ambaci wannan a wurin neman fasfo. Ina matsayina? *Mai karatu, Tudun Wada*

Amsa: 'Yar'uwa, ke 'yar Najeriya ce ta haihuwa. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya kafin 1 ga Oktoba 1960 ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin ƙasar, kuma a nan aka haifi ɗaya daga iyayen ko kakannin. Mahaifinki ya shiga ta wajen mahaifiyarsa. Ke kuma an haife ki bayan 'yancin kai, mahaifinki ɗan ƙasa, magana ta ƙare. Dokar ba ta fifita ɓangaren uba a kan na uwa ba.

An taɓa gwada wannan a kotu. A 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, zuwa Chadi, bisa zargin mahaifinsa ɗan can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da zama ɗan ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ma ta goyi bayansa.

Inda ake samun cikas shi ne takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wadda take bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. A aikace garin uba ake tambaya. Amma sashe na 318 ya fassara ɗan jiha da wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan al'ummar asalin jihar ne, don haka gidan kakarki na Zariya hujja ce. Ki tanadi takardar haihuwarki, shaidar shekarun mahaifinki, da dattijon gidan kakar da mai unguwarsu ya sani. Kada ki ƙirƙiri wani gari ki rubuta. Duk abin da ya shiga rajistar katin ɗan ƙasa zai bi ki zuwa fasfo da banki, kuma gyaransa ya fi rubuta shi wahala. Lokacin da kakannin kakanki suke fatauci tsakanin Damagaram da Kano ma babu wannan iyaka, sai wajen 1908 aka gama kafa alamunta.

Tambaya: A gidanmu ana cewa mu jikokin Larabawa ne. Ɗana da ke Ingila ya yi gwajin ƙwayar halitta, sakamako bai nuna Larabawa ba, har ma ya nuna wani layi da aka ce na Turawa ne. Hankalin gida ya tashi. *Mai karatu, Unguwar Rimi*

Amsa: Hajiya, a kwantar da hankali. Gwajin da aka fi sayarwa yana auna abin da mutum ya gada ta kowane ɓangare: rabi daga uba, rabi daga uwa, kimanin kashi 25 cikin ɗari daga kowane kaka, sai ya yi ta raguwa da rabi. A hawa na takwas mutum yana da kakanni 256. Balarabe ɗaya daga Gadamus ko Tarabulus da ya zauna Kano shekaru ɗari biyu da suka wuce zai iya ɓacewa ƙurmus a irin wannan awo, alhali ya wanzu. Zai yiwu kuma labarin ƙari ne, don gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna jingina asali da Gabas saboda daraja. Gwajin ba zai raba wannan gardama ba.

Kamfanonin kuma suna kwatanta mutum ne da samfurin mutanen da suke da shi, kuma samfurin Najeriya da aka fi amfani da shi a binciken duniya na kudu ne, kamar Yarbawan Ibadan. Shi ya sa sakamakon ɗan Arewa yakan fito a warwatse.

Layin da ya tsorata ku, in R1b ne, ɗanku ya duba ko an rubuta V88 a gabansa. R1b ya yi yawa a yammacin Turai, amma reshen V88 tsohon zama ne a yankin tafkin Chadi, ya shafe dubban shekaru, kuma ana samun sa sosai a tsakanin Hausawa da masu harsunan da suke dangi da Hausa. Wannan layin uba ne kaɗai, uba daga uba, bai ce komai ba a kan sauran kakanni. A shari'a kuwa nasaba da aure take tabbata, ɗa na mai shimfiɗa ne, takardar kamfani ba ta kore ta.

Tambaya: Ƙanin kakana ya tafi hajji a ƙasa kafin 'yancin kai bai dawo ba. An ce ya zauna Sudan. Za a iya gano zuriyarsa? *Mai karatu, Rigasa*

Amsa: Ana dacewa, Malam, amma yanzu da wuya saboda yaƙin da ya ɓarke can a Afrilun 2023 ya tarwatsa mutane. Masu tafiya a ƙasa sukan bi ta Borno da Chadi da Darfur, su tsaya noman auduga a Jazira don tara guzuri, da yawa nan suka yi aure. Garuruwan da Hausawa da Fulani suka fi taruwa su ne Mai Wurno kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, sai Wad Madani, Gadarif, Kasala da Fot Sudan. A can da jerin suna huɗu ake gane mutum, don haka ka haɗa sunansa na yanka da na ubansa da kakansa da uban kakan, da garin da ya tashi, da zanen fuskarsa, da ayarin da ya bi in an tuna madugunsu. Ka ba da wannan cigiya ga ɗaliban da suka yi karatu a Sudan suka dawo, da iyalan da suka yiwo gida bayan yaƙin. In wani ya kira ya ce shi ne jikan, kafin ka tura ko kwabo ka sa ya faɗi sunan mahaifiyar mutumin da unguwar da ya baro, abin da kai ba ka saka a cikin cigiyar ba.